Ƙiba da ciwon suga sun yi yawa a Damagaram, wai meri na da abin da za ta iya yi?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya zafi. Tambaya gare ni, don Allah masu sani a taimaka, musamman ma'aikatan lafiya da waɗanda suka san aikin meri, wato hukumar birni, daga ciki.

Mai unguwarmu ya ce mu matasa mu rubuto masa abubuwan da unguwa take buƙata don ya kai gaba idan an kira su taro. To mun zauna a fada mun fara lissafi, kanibo da ya cushe, fitilun hanya da suka mutu, bola da ta kusa cinye hanyar lakwal, ruwa kuwa ba sai an faɗa ba kowa ya san Damagaram da maganar ruwa. Sai wani cikinmu ya ce a sa maganar ciwon suga da hawan jini, aka yi ta masa dariya ana cewa meri ce za ta hana ka cin alkaki? Amma ni dai ina ganin yaron nan bai yi ƙarya ba. A layinmu in ka bi gida gida, iyayenmu mata da suka haura arba'in da yawansu ko tansiyo ko suga ko duka biyun, jiki ya yi nauyi, gwiwa ta ƙi, sallah ma wasu sai a kan kujera. Maza kuma tumbi, mutum da ya samu ɗan sarbis ya sayi moto shikenan ya yi ban kwana da tafiyar ƙasa. Har yara ƙanana yanzu kana ganin masu ƙibar da da can sai 'ya'yan manyan alhazai.

Abin da nake son sani, wannan aikin meri ne ko na ma'aikatar lafiya ne kawai? In da abin da meri za ta iya, mene ne shi takamaimai, wanda za mu rubuta a takarda ba a yi mana dariya ba kuma ba mai cin miliyoyi ba, don mun san amsar da ake ba mai neman miliyoyi.

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka da kuke tunanin unguwa. Amma ni zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, kada ku ɓata takardarku.

A jihar Damagaram ƙiba ce matsalarmu? Ka bari damina ta yi nisa, Agusta zuwa Satumba lokacin da rumbu ya ƙare masassara ta kama, ka je Magarya ko Matamai ko nan Mirya ka leƙa inda ake kwantar da yara masu tamowa, in ka fito ka zo ka yi mini maganar tumbi. Ku yara ne a 2005, mu mun gani da idonmu. Jihar da ake fama a samu yaro ya kai kilon da ya kamata, a ce hukuma ta bar wannan ta koma bin masu ƙoshi tana roƙonsu su rage ci, ni ban ga kan wannan ba.

Na biyu kuɗi. Meri da me take rayuwa? Tikitin kasuwa, harajin shaguna, ɗan abin da ake karɓa a tasha da na filaye, sai abin da gwamnati ta turo in ta turo. Kafin a biya ma'aikata a zuba wa motar kwasar shara mai, an gama. Kuma ka tuna tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, yanzu babu kunsayen unguwa da za ka je ka tsare a ƙofar gidansa ka ce mun zaɓe ka. Saboda haka in kun samu dama ɗaya ta magana ku yi ta a kan ruwa da kanibo, abin da ido ke gani.

Maganar ƙiba kuwa tsakanin mutum da bakinsa ne. Mu da muka tashi daga Birni mu je Zango mu dawo a ƙasa muke yi ba wanda ya kira shi motsa jiki, tuwon hatsi da miyar kuka da dare, fura da rana, shinkafa sai sallah ko suna. Yanzu shinkafa da rana taliya da dare lemu a kai. Kuma addini bai bar mu a duhu ba, an ce a raba ciki uku, abinci, ruwa, numfashi. Wanda bai ji wannan ba, takardar kantoma ce zai ji?

Majo:

Baba ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki. A yi mini afuwa zan ɗan saɓa maka, ba don abin da ka faɗa a kan tamowa ba gaskiya ba ne, gaskiya ne kuma mu muke riƙe da yaran nan a hannu. Sai dai abin da muke gani a ɗakin awo yanzu shi ne biyun tare suke zuwa, wani lokaci ma daga gida ɗaya. Kaka ta kawo jika, ka ɗaura wa yaron mitar dantse ta nuna ja, ka ce Iya ke ma kawo hannu, ka tarar tansiyonta ya yi sama kilonta ya wuce tamanin. Ba gidan masu kuɗi ba ne. Abincin da ya fi arha a cikin gari shi ne mai cika ciki ba mai gina jiki ba, shinkafa da mai da yaji, taliya, garin rogo da sukari, fanke. Babba ya ci ya zauna ya yi ƙiba, yaro ya ci bai samu abin girma ba. Kuma abu ne sananne a likitanci cewa yaron da aka haifa ƙarami ko ya tsumbure yana ƙarami, in ya girma ya faɗa irin wannan cimar ta birni, ya fi saurin kamuwa da suga da hawan jini. To yaran 2005 ɗin da ka ambata Baba, su ne samari da matan aure na yau.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai cutarwa, sama da biliyan ɗaya ke nan, kuma a manya abin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990.

Ƙanena mai tambaya, ga yadda ake ganewa don kada ku yi ta magana a iska. Ka raba kilonka da tsawonka a mita, abin da ya fito ka sake raba shi da tsawon. In ya kai 25 nauyi ya fara yawa, in ya kai 30 ƙiba ce. Mace mai kilo 80 da tsawo mita 1.60 tana kan 31 da ɗoriya. Wanda ba ya son lissafi ya samu igiya ya auna tsawonsa daga kai zuwa ƙasa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita wajen cibiya, in bakin igiyar bai haɗu ba to kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai haɗarin, ya fi na cinya da na baya.

Sukari kuma, tunda a fada kuke. Shawarar da ake bayarwa kada babba ya wuce giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya ta cikin kwali kusan giram 5 ce, ƙwaya goma ke nan iyaka. Gwangwanin lemu ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35, ƙwaya bakwai a shan tsaye. Yanzu ka kalli mai dafa muku shayi, ba da cokali yake zuba sukari ba, da kofin shayin yake aunawa ya juye a buta, na farko, na biyu, na uku, da rana a yi da dare a sake. Ga bisab da lamurje na leda da ake sa musu sukari har sai ya yi danƙo. Gishiri kuma giram 5 ne a yini, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, alhali dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne kuma ana jefa uku huɗu a tukunya sannan a ƙara gishiri da kanwa.

Amma abin da ya fi ci mini rai, kuma nan ne nake ganin hannun meri kai tsaye, shi ne ƙwayoyin nan na sha ka fashe. Masu yawo da magani a tire da masu baza shi a ƙasa a kasuwa suna sayar wa 'yan mata da amare, yawanci deksametazon ne ko sifroheptadin ko a haɗa su. Na biyun yana buɗe ciki ya sa barci, na farkon kuwa ba ƙiba ta lafiya yake sawa ba, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin ciwo ya kwantar da ita. Kuma wadda ta daɗe tana sha in ta yanke lokaci ɗaya shi ma haɗari ne, sai an rage mata a hankali a asibiti. Wa ke ba da wurin zama a kasuwa? Wa ke karɓar tikiti a hannun mai tiren nan kullum? To wanda ke karɓar tikitinsa zai iya cewa wannan kayan ba a sayar da shi a nan. Ma'aikatan tsabta da 'yan sandan meri in suka haɗa kai da hukumar lafiya ta gunduma wannan ba ya cin miliyan.

Abu na biyu da za ku iya rubutawa, teburin awo kyauta a Kasuwar Dole ranar Alhamis, ko da sau ɗaya a wata. Meri ta ba da rumfa da kujeru da sanarwa a rediyo, mu ma'aikata mu zo da sikeli da abin awon jini da mita. Awon tansiyo ba ya cin komi, awon suga ne ke son tsinken gwaji kuma shi ke da tsada, shi za a nema wa mai tallafi, ana iya farawa da 14 ga Nuwamba ranar ciwon suga ta duniya. Hawan jini ba ya sallama, mutum na yawonsa yana jin garau sai dai a ji ya faɗi ɓarin jiki ya mutu a ce iska ce. Sai dai in faɗa muku inda gizo ke saƙa, ka auna mutum ka ce masa yana da suga sannan ka sallame shi da takardar magani da zai saya har ƙarshen ransa. Kyautar magani da aka kawo tun 2006 ta yara 'yan ƙasa da shekara biyar ce da wasu abubuwan da suka shafi haihuwa, ba ta kai ga mai suga ba. Don haka rigakafin ya fi mana sauƙi nesa ba kusa ba.

Maman Ummi:

Majo Allah ya saka da alheri, kamar kin shiga zuciyata. Baba ina wuni, ka yi haƙuri ni ma ina bayan Majo.

Ni ina cikin waɗanda ake magana a kansu, ba kunya. An ce mini in dinga tafiya ta minti talatin kullum, na ce to, na fito daga asibiti ina tambayar kaina a ina? Ku maza kuna cewa a yi tafiya kamar abu ne mai sauƙi. Matar aure ta fito da hijabi tana zagaye unguwa ba biki ba gaisuwar mutuwa ba asibiti, kafin ta kai kwanar layi an fara ina za ta, lafiya, ko yaji ta yi, 'yan fada sun bi ta da ido, kabu-kabu na mata oda a ƙeya, ga ƙura ga rairayi, bakin gudro kuma duk rumfuna sun cinye sai ka sauka kan hanyar mota. Da rana a watan Afrilu da Mayu zafin ya haura 40 wa zai fita, da dare kuma duhu, maigida ma ba zai bari ba kuma ban ga laifinsa ba. Cikin gida kuwa tsakar gidan haya taku nawa ne. Da can iyayenmu suna daka suna surfe suna jan ruwa, yanzu inji ke niƙa mai ga-ruwa ke kawowa, alhamdulillahi ba na cewa a koma wahala, amma jikin ba ya samun abin yi.

Abin da nake roƙo a sa a takardar nan, filin lakwal. Lakwal nawa ne a garin nan masu katanga da ƙofa, daga an tashi yara da yamma har safiya a rufe suke, Asabar da Lahadi ma haka, hutun damina kuwa sai awaki. Tunda lakwal ɗin firamare meri na da ta cewa a kansu, a ba mata awa ɗaya bayan la'asar ko bayan sallar asuba, mata zalla, da gardi a ƙofa. Wallahi in aka ce mata zalla ne kuma cikin katanga, maza da yawa za su bar matansu, mu kuma in muna da yawa ba mai jin kunya, ana tafiya ana hira. Ba a gina komi ba, makulli ne kawai.

Sai maganar da ba a son faɗa. Mu mata mu ke tura junanmu ga ƙwayar nan. Amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba sai dangi su fara ko mijin ba ya riƙe ta da kyau, ita kuma uwar miji ta ce ba ta da kwanciyar hankali. In kin rage ƙiba da gangan a ce ciwo ne ke cinki a ɓoye. Jego kuma a dura miki kunun kanwa da nama kwana arba'in kina zaune. Wannan meri ba za ta iya da shi ba, sai malamai mata na islamiyya da masu wa'azi a rediyo, da fadar Mai Martaba in ta sa baki, don maganar da ta fito daga fada ta bi ta masu unguwa ta fi shiga gida a kan takardar buro.

Ƙofar lakwal ma a duba. Ka ba yaro dala goma ko ashirin, me ke jiransa a bakin ƙofa, alawa, biskit, ƙanƙara mai kala da ke rina harshe. Amma don Allah kada a ce a kori masu tallan, matan nan da shi suke ci da marayu. A tara su a yi magana, wadda za ta kawo dafaffen wake, gyaɗa, aya, dambun zogale, goba ko mangwaro a lokacinsa a bar ta ciki inuwa ba tikiti, mai alawa ta tsaya waje. Da kansu za su canza kaya.

Ganye kuma lokacin sanyi alhamdulillahi, salati da kabeji da karas da tumatir na Mirya da Gidimuni har sai ka ture, amma daga bazara ta shigo sai mai hali. Kowace shekara 3 ga Agusta ana bikin dashen itace, me zai hana a raba wa gidaje dashen zogale maimakon a dasa a bakin hanya akuya ta cinye kafin sati. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishe shi.

Injiniya Ƙarami:

Salam. Na karanta duka, Hajiya maganarki ta filin lakwal ita ce mafi ƙarfi a nan a ganina, zan dawo kanta.

Yaya mai tambaya, abin farko ku rarrabe abin da ke hannun gwamnatin ƙasa da abin da ke hannun meri, don in kuka cakuɗa su za a ce ba huruminmu ba ne a ajiye takardar gaba ɗaya. Misali harajin lemu mai sukari da ake ta magana, Meziko ta sa shi a 2014, Afirka ta Kudu a 2018, maƙwabtanmu Najeriya ma sun sa naira 10 a kowace lita, duk wannan aikin Yamai ne ba na Damagaram ba. Haka farashin magani da ɗaukar ma'aikatan lafiya. Kada ku sa su.

Abin da ke hannun meri ƙasa ce. Ita ke yanka filaye, ita ke ba da izinin kafa rumfa da kiyos, ita ke da hanyoyin cikin gari da fitilunsu da kasuwanni da allunan talla. Birnin nan an raba shi gundumomi biyar kowace da ofishinta, saboda haka ba ma sai kun je babbar meri ba tukuna. Kuma ƙiba tana bin yadda aka tsara gari fiye da yadda mutane ke zato. Duk lotisma, wato yankan filaye, a kan takarda ana ware wuraren jama'a, na lakwal, na asibiti, na wasa, na itatuwa, amma kowa a nan ya san filin da ya buga ƙwallo yana yaro wanda yau gidaje ne ko shaguna. Garin na ta faɗaɗa, sababbin unguwanni na fitowa, in ba a tsare fili tun yanzu ba bayan shekara goma ko da kuɗi ba za a samu ba. Ku nemi a nuna muku taswirar unguwarku, ku ga inda aka ware, ku nemi a kafa masa alama a dasa dogon yaro a kewaye, matasa su sa raga su fara wasa a kai. Filin da ake amfani da shi kullum ya fi wuyar sayarwa.

Akwai garuruwan da suka gwada abubuwa ba da kuɗi mai yawa ba. Bogota a Kolombiya tun 1974 suke rufe manyan hanyoyi ranar Lahadi da safe, ba mota, sai masu tafiya da masu keke. Kigali ta fara nata a 2016, yanzu Lahadi biyu a wata, kuma a wurin ake auna wa mutane jini da suga kyauta, kun ga ya haɗu da teburin Majo. A Faransa wasu ƙananan garuruwa biyu na arewa, Fleurbaix da Laventie, sun fara a 1992 da koyar da yara cima a lakwal, daga baya meri da likitoci da masu shaguna da iyaye suka shigo, sai da aka haura shekara goma kafin a ga ƙibar yaransu ta yi ƙasa da ta garuruwan kusa, daga nan aka faɗaɗa shirin zuwa wasu birane a 2004. Landan kuma a 2019 ta hana tallan abinci mai yawan sukari da mai da gishiri a jiragen ƙasa da bas ɗinta. Ba ina cewa mu kwafa ba ne ido rufe, Kigali garin sanyi ne, mu in aka ce a fito ƙarfe goma an kashe mutane. Namu daga sallar asuba zuwa ƙarfe takwas ne, gudro guda ɗaya miƙaƙƙe, Lahadi, 'yan sandan meri biyu da igiya. A fara lokacin sanyi, Disamba ko Janairu, don mutane su saba kafin zafi.

Abin da ake nema ma ba yawa ba ne, babba minti 150 a sati na tafiya mai ɗan sauri wadda za ka ji numfashi ya canza, yaro kuma awa ɗaya kullum. Yaranmu maza suna samu a ƙwallo, kuma ku dubi samarin Kara-Kara da suka haɗa wajen ɗaga ƙarfe da siminti da tsoffin ƙarafan mota ba wanda ya ba su ko dala, sha'awar tana nan. 'Yan mata ne daga sun kai sha biyu sha uku ake cewa sun girma su zauna. Filin kokawa ma yawancin shekara a kulle yake, me zai hana gasar langa da kokawa tsakanin unguwanni, buhun shinkafa, a'a buhun hatsi dai tunda Majo na nan, ya isa kyauta.

Baba kuma maganarka ta ruwa ba ta fita daga wannan zancen ba. Lakwal ɗin da ba famfo ba randa, yaro in ƙishi ya kama shi abin leda mai zaƙi zai saya. A sa ruwan sha a lakwal cikin takardar, ya shiga ɓangaren ruwa ya shiga na lafiya.

Yadda za ku rubuta, shafi ɗaya, kowace buƙata ku faɗi wurin da sunansa, wa zai yi aikin, me unguwa za ta kawo da kanta, me ake nema daga meri. Wadda ba ta cin kuɗi ku sa ta sama.

Mai Kabu-kabu:

Kai jama'a wato so kuke ku kashe mana kasuwa hhhh. Amma tsakani da Allah akwai wanda zai tsayar da ni daga ƙofar gidansa zuwa masallacin juma'a da ana hango hasumiyarsa, in ce Alhaji ai ga shi can ya ce kai dai muje. Mu kanmu ba mu tsira ba, yini kake zaune kan moto, in ka sauka shayi da biredi da mayonas, bayana ma yanzu ciwo yake. Majo in an kafa teburin nan a zo tasharmu ma don mu ba mu da lokacin layin asibiti.

Injiniya rufe hanya ba matsala in Lahadi ce da sassafe dama ba fasinja, amma kada wanda ya taɓa mana Alhamis. Kuma a gyara fitila tukuna, masu fita da asuba akwai karnuka wajen duwatsu.

Tsohon Ma'aikaci:

To na ji ku. Ni dai har yanzu ruwa ne a sama, ɗana ka rubuta shi lamba ɗaya. Na ƙwayoyin nan kuwa ku sa shi da babban baƙi, wannan ba ƙoshi ba ne guba ce. Filin lakwal, Hajiya, dabara ce mai kyau amma na san buro, abin da za su fara tambaya shi ne wa zai biya gardi kuma in aka fasa taga ko aka sace tebur wa zai ɗauka, darektan lakwal ba zai yarda a ɗora masa ba. Ku tanadi amsa kafin ku je, kuma ku bi ta kwamitin iyayen yara kafin meri.

Maman Ummi:

Baba gardi mu za mu biya, muna da adashi duk Juma'a, in kowace ta ƙara dala ashirin ya isa har da sayen randa. Azuzuwa kuma a kulle su, mu fili kawai muke so. Ɗan Garin Malam in kun gama rubutawa ka turo mini hoton takardar in kai wa mai unguwarmu mu ma, kuma ka tambayi Majo wace rana take da hutu don ta zo ta yi wa matan islamiyyarmu bayanin igiyar nan da bakinta.